An ce maka "bod ya mutu"? Ga abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

’Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kai laftof wurin gyara ya san maganar da ke sa gaban mutum ya faɗi: "Ai bod ɗin ne ya mutu." Mai gyara na faɗin haka sai lissafi ya tashi, domin kuɗin wani bod ɗin kan kusa kai kuɗin wata laftof ta hannu. Mu da ke jami’a muna ganin yadda wannan magana ke hana ɗalibi barci, musamman idan aikinsa na kammala karatu yana cikin na’urar. Ku ma ’yan sakandare abin ya iso gare ku. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada haka a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje. A gidaje da dama a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, laftof ɗaya ce tak, ta yaya ko ta kawu, a kanta ake koyon dannawa da gwajin tambayoyin baya. Idan ta tsaya, karatun mutum uku ko huɗu ne ya tsaya.

Abin da muke son ku riƙe shi ne, mutuwar bod hukunci ne na ƙarshe. Akwai abubuwa da yawa masu araha da ke sa laftof ta yi kamar ta mutu, kuma ɗalibi zai iya gwada yawancinsu a gida kafin ya biya kuɗin mota zuwa Funtuwa ko Katsina ko Kano.

Mene ne bod, kuma me zafi ke yi masa?

Idan aka buɗe bayan laftof za a ga wani faffaɗan faranti, galibi kore ko shuɗi, cike da ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero. Shi ne madabod, masu gyara kuma suna taƙaita shi da bod. Ta kansa wuta ke bi ta isa ko’ina, a kansa kuma furosesa take, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Ram da rumbun ajiya da kibod da sikirin duk a jikinsa ake jona su.

Furosesa ba ta kai girman akwatin ashana ba, amma tana fitar da zafi sosai. Don haka aka ɗora mata wani siririn bututu na jan ƙarfe da ke kwashe zafin zuwa wasu ƙananan haƙora kamar na matsefi, fanka kuma tana hura iska ta cikinsu zuwa waje. Tsakanin furosesa da jan ƙarfen akwai wani maiko mai launin toka, kamar man goge baki, wanda masu gyara ke kira tamal fes. Aikinsa shi ne cike ’yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce da sauri.

Manyan kamfanoni irin su HP da Apple sun rubuta a takardun laftof ɗinsu cewa a yi aiki da ita a wurin da zafi bai wuce digiri 35 a ma’aunin Salshiyos ba. To mu kuwa a watan Maris da Afrilu da Mayu zafin rana kan kai digiri 40. Garin sunansa Ƙanƙara, amma wanda ya zauna a ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu ya san suna daban, hali daban. Kafin zafin ya zo kuma hunturu ya riga ya gama aikinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura na shiga ta kafofin iska, ta haɗu da zaren bargo da gashi, ta yi wani dunƙule kamar auduga a gaban haƙoran nan. Fanka na juyawa, tana ƙara, amma iska ba ta fita. Maikon nan ma yana bushewa bayan ’yan shekaru ya koma kamar busasshen laka.

Furosesa tana da dabarar kare kanta. Idan zafinta ya kusa digiri 100 sai ta rage gudu, shi ya sa laftof ke yin nauyi idan ta yi zafi. Idan abin ya ƙi, sai ta kashe kanta. Wannan mutuwa ta ba zato gargaɗi ne. Wanda ya ci gaba da kunnawa kullum ba tare da ya nemi dalili ba, sauran kayan da ke kan bod ne za su biya. A darasin Fizis an koya mana cewa abu yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce. A ƙarƙashin furosesa akwai ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma da suka manne ta da bod. Zafi da sanyi, zafi da sanyi, sau dubbai, sai wata ƙwallo ta tsage, hanyar wuta ta yanke. Ƙananan kayan da ke rage ƙarfin wuta kusa da furosesa su ma suna iya ƙonewa.

Wannan ciwo ya taɓa girgiza manyan kamfanoni. A shekarar 2008 kamfanin Nvidia na Amurka, mai ƙera guntun da ke sarrafa hoto, ya ware kusan dala miliyan 200 saboda wasu guntayensa da ke mutuwa idan sun sha zafi da sanyi. Abin ya shafi laftof na HP da Dell da Apple, ciki har da HP Pavilion dv6000 da dv9000 da Dell Latitude D630, waɗanda daga baya suka cika kasuwanninmu a matsayin kayan hannu. Alamar ita ce fanka na juyawa, fitila na kamawa, sikirin kuwa baƙi ƙirin.

Bincike daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Likita ba ya fara da tiyata. Haka ma a nan, sai a fara da abin da ba ya cin ko sisi.

Na farko, caja. Ka duba rubutun da ke jikinta. Yawancin cajojin HP da Dell bolt 19.5 suke bayarwa, na Lenovo bolt 20, na Acer da Asus da Toshiba galibi bolt 19. Ka ari caja mai lafiya irin taka ka gwada, a wani soket daban. Idan akwai mai gyaran waya ko rediyo a unguwa, mitarsa za ta nuna ko cajar na fitar da wuta cikin minti ɗaya. Ka leƙa ramin da ake soka cajar, domin yakan girgiɗe ko ya karye. A cajojin HP da Dell masu zagayen baki akwai wata siririyar allura a tsakiya, idan ta lanƙwashe laftof na iya ƙin caji.

Na biyu, ka zare caja, ka cire batir idan mai fita ne, ka danne makunni na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja kaɗai ka kunna. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale, kuma sau da yawa laftof kan farfaɗo da haka kawai. Idan ka ga batir ya kumbura har yana ɗaga kibod ko wurin da ake murza yatsa, kada ka huda shi ko ka danne shi, domin yana iya kamawa da wuta. A cire shi a canza.

Na uku, ka kasa kunne ka zuba ido. Idan fitila ta kama, fanka ta juya, amma sikirin bai nuna komai ba, ka danna maɓallin Caps Lock. In ’yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa yadda ka danna, to kwamfutar na raye, matsalar a sikirin take. Ka haska tocilar waya dab da sikirin a cikin duhu. In ka hango inuwar rubutu, hasken bayan sikirin ne ya mutu. Ka kuma jona ta da talabijin ta wayar HDMI. Hoto ya fito a talabijin, bod na nan lafiya.

Na huɗu, ram. A laftof da yawa akwai ’yar ƙofa a baya da noti ɗaya ko biyu ke riƙe da ita. Bayan ka cire caja da batir, ka buɗe ’yan maƙalan gefe biyu, ram ɗin zai ɗago. Ka goge haƙoransa masu ruwan zinare da abin goge fensir, a hankali, ka mayar har ka ji ya zauna. Idan guda biyu ne, ka gwada ɗaya bayan ɗaya. Ƙura a haƙoran ram na daga cikin manyan dalilan da ke sa laftof ta kama wuta ta ƙi nuna hoto.

Na biyar, ka ƙirga ƙiftawar fitila. Laftof ɗin HP da yawa na ƙifta fitilar Caps Lock da wani adadi idan akwai matsala, na Dell kuma na ƙifta ruwan lemo da fari. Kowane adadi da ma’anarsa, kuma kamfanonin sun wallafa jerin a shafukansu na intanet. Ka rubuta adadin da lambar samfurin laftof ɗin, ka bincika da waya. Idan HP ce ta rubuto maka 90B lokacin tashi, fanka ce ba ta aiki daidai. Idan 90D ce, tana shaida maka cewa zafi ne ya kashe ta a baya.

Na shida, idan laftof tana tashi amma ta mutu bayan minti 10 ko 20, bod ɗinta bai mutu ba tukuna. Ka sa manhajar kyauta irin su Core Temp ko HWMonitor ka ga zafin furosesa. Idan ba wani aiki kake yi ba, amma lambar ta haura 80 ko 90, to wanke fanka da sabon maiko take buƙata, kuma wannan gyara ne mai araha. A nan ne ya kamata a tare ciwon.

Sai an bi duk waɗannan, an kuma zare rumbun ajiya da katin wayales an gwada ba tare da su ba, sannan zargi ke sauka a kan bod.

A teburin mai gyara

Daga Sabuwa sai an bi ta Dandume kafin a kai Funtuwa. Daga Faskari a fito a hau titin Funtuwa. Mutanen Ƙanƙara kan nufi Malumfashi ko su zarce Katsina. Wanda aikin ya fi ƙarfin waɗannan wurare sai Zariya ko Kano, inda ake da kasuwar Farm Centre da shagunan titin Beirut. Kowa ya san halin da hanyoyin yankinmu suka shiga a shekarun nan, tafiya ba abin da ake yi sau biyu ba ne a kan abu guda. Don haka ka tafi da bayaninka a rubuce: yaushe ta fara, me ta yi kafin ta mutu, me ka riga ka gwada. Ka tafi da cajarka.

Masu gyara iri biyu ne. Akwai mai canza kaya, akwai mai gyaran bod da kansa. Na biyun zai ɗauko mita ya bi hanyar wuta, ya ga ko bolt 19 na shiga, ko akwai bolt 3.3 da bolt 5 da ya kamata su kasance ko da laftof na kashe. Sau da yawa wani ɗan abu ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ƙone ya haɗe hanya, a cire shi a sa wani, bod ya tashi. Wani lokaci manhajar BIOS ce ta rikice, a sake rubuta ta. Ba laifi ba ne ka tambaya da ladabi: "Oga, wane ɓangare ne na bod ɗin ya samu matsala? Ko za a iya gyara shi ba sai an canza ba?" Mai gyaran da ya san aikinsa zai nuna maka wurin.

Akwai wata dabara da ya kamata ku sani. Idan dalmar ƙarƙashin guntu ta tsage, wasu kan hura masa iska mai zafi da injin hannu, wato su gasa shi. Laftof za ta tashi kamar an yi sihiri, amma galibi kwanaki ko makonni take yi ta koma gidan jiya. Ka tambaya ko gashi aka yi, don kada ka biya kuɗin cikakken gyara a kan abin wucin gadi. Haka ma idan bod na hannu za ka saya, ka duba ko akwai wurin da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ko maiƙo a kewayen manyan guntaye, alamar an taɓa gasa shi ke nan.

Kafin ka bar laftof a shago, ka tuna cewa takardunka da hotunanka suna cikin rumbun ajiya ne, wato had-disk ko SSD, ba a cikin bod ba. A yawancin laftof ana iya zare shi. Ka ce a cire maka ka tafi da abinka, domin mai gyara na iya gwaji da nasa. Da ’yar akwatin USB mai araha za ka iya buɗe shi a wata kwamfutar ka kwashe aikinka. Wasu sababbin laftof sirara an manne musu ma’ajiyar a jikin bod, irin waɗannan sai a yi ta ajiye kwafi a filas ko Google Drive tun suna da lafiya.

Idan canji ya zama dole

Ka fara da lissafi. Ka haɗa kuɗin bod da na aiki da na mota. Idan sun haura rabin kuɗin irin laftof ɗin ta hannu a kasuwa, ka sake shawara da na gaba da kai a gida. Ka sa shekarunta a lissafin. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance na buƙatar furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Zuba kuɗi mai yawa a kan tsohuwar na’ura sai an yi tunani. Wani lokacin ya fi riba a sayar da sikirin da ram da kibod a cika a sayi wata.

Idan canjin za a yi, sunan laftof kaɗai bai isa ba. Samfuri ɗaya na iya zuwa da bod iri uku ko huɗu. A jikin bod akwai lamba, wani lokaci a kan farar takarda kusa da ramin ram. HP na rubuta lambar kayan gyara, Dell na rubuta DP/N, Lenovo na rubuta FRU. Wasu kuma an buga musu lamba mai farawa da LA ko DA0. Ka ɗauki hotonta ka tura wa mai sayarwa ta WhatsApp kafin kowa ya tashi daga gida. Tun wajen 2015 kusan duk laftof furosesarta a manne take zuwa da bod, saboda haka sayen bod sayen furosesa ne. Wanda nasa Core i5 ne ya tabbatar ba Core i3 ko Celeron aka sa masa ba. Araha ba ta ado.

A gwada a gabanka kafin ka biya: hoto, caji, sauti, kibod, wayales, kowace kafar USB. A bar ta a kunne tana bidiyo na rabin awa ana kallon zafinta. A shiga BIOS a tabbatar ba a kulle yake da kalmar sirrin wani ba. A rubuta maka garanti a rasit, ko na mako biyu ne. Ka karɓi tsohon bod ɗinka, domin masu gyara na sayensa don cire kaya. Kada a ƙona shi ko a bar wa yara su yi wasa da shi, hayaƙinsa da dalmarsa guba ne.

Ga mai koyon gyara da zai yi aikin a gaban ogansa, ƙa’idojin su ne: a cire batir kafin komai. A taɓa ƙarfe kafin a taɓa bod, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara irin wutar nan da ke tartsatsi idan an cire rigar sanyi, domin tana iya kashe guntu. A ɗauki hoto a kowane mataki. A jera notuna a kiret ɗin ƙwai, kowane rami da wurinsa, saboda dogon noti a gurbin gajere na iya huda bod. Siraran wayoyi masu kama da ribom ana ɗaga ’yar ƙofarsu kafin a ja. A goge tsohon maiko tas, a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa, a ɗaure notunan jan ƙarfe bisa lambobin da ke jikinsu. A kunna a gani kafin a rufe.

Bayan canji Windows na iya neman a sake tabbatar da lasisinta, domin da bod take gane kwamfuta. Idan an kulle rumbun da BitLocker, zai nemi lambobi 48, waɗanda galibi suna cikin asusun Microsoft na mai laftof ɗin. A nemo su tun kafin a fara aiki. Sannan a tabbatar an gyara abin da ya kashe na farkon. Sabon bod a ƙarƙashin tsohuwar fanka mai cike da ƙura, hanyar da wancan ya bi shi ma zai bi.

Abin da za ku iya yi a wannan makon

Ku ɗaga laftof ɗin gidanku ku ga inda kafofin iskarta suke. Yawanci ta ƙasa take shaƙa, ta fitar ta gefe ko ta baya. Katifa da filo da darduma da cinya mai zani duk suna toshe ta. A ɗora ta a kan tebur ko tire ko allon katako, a sa murfin robar lemo guda huɗu a ƙarƙashin kusurwoyinta don iska ta ratsa. Aiki mai nauyi kamar wasan ƙwallo ko haɗa bidiyo a bar shi sai da safe ko bayan isha. Kada a jefa ta cikin jaka tana kunne, a kashe ta gaba ɗaya. Kada a bar ta a mota ko a rana, kada kuma a sa ta a firji ko a ɗora mata ƙanƙara don ta huce, domin raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin illa.

Idan janareta ake amfani da shi, a bari ya tashi ya daidaita kafin a jona caja, a kuma zare kafin a kashe shi. Haka idan an kawo wuta, a ɗan jira. Caja mara nauyi mai arahar banza a guje ta.

Sau ɗaya a shekara a kai ta a buɗe a share fanka, a duba maikon. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu, ƙurar hunturu ta gama shiga, zafin bazara bai kankama ba, jarrabawar JAMB kuma na tafe. Wanda ya raka laftof ɗin wurin mai gyara ya tsaya ya kalli yadda ake yi, ya yi tambaya. Dokar Ohm da kuke haddacewa a aji ita ce mai gyaran ke aiki da ita idan ya ɗora mita a kan bod, kuma garuruwanmu uku na buƙatar masu wannan sana’a a kusa, don kada a riƙa hawa mota saboda ƙura a haƙoran ram.